ABIN DA MUKE ROƘO BA SHI DA YAWA

Jawabin da malamin lakwal ɗan garinmu ya yi a babban taron shekara na ƙungiya. Mun buga shi yadda aka faɗe shi saboda ƴan uwa da ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.



Maigari, ranka ya daɗe. Liman da sauran malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu maza, iyayenmu mata, shugaban ƙungiya da ƴan biro, muna gaishe ku gaisuwar girma. Yayyenmu da ƙannenmu da kuka taso daga Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Arlit, da Kano, da Legas, har da waɗanda suka zo daga Abijan da Libiya, sannunku da hanya, Allah ya huce gajiya.

Ku yi mana gafara in yaro ya miƙe tsaye gaban manya. Ba mu muka sa kanmu ba. Biro ce ta ce, tunda alli da takarda ne sana'armu, mu tattara abin da jama'a suka faɗa, mu zo mu shimfiɗa shi a nan a tace, kafin a naɗa mutanen da za su kai takardar kokenmu wurin kantoma da perefe. Abin da za ku ji, in ya yi daidai naku ne. In da kuskure namu ne, sai ku gyara mana.

Tun bayan girbi biro ta aika wa kowane reshe tambaya guda: mi kuke so mu roƙi sabuwar gwamnati? Amsoshi sun zo, sun cika kaye guda. Wasu sun ce gudron daga nan har babbar hanya. Wasu sun ce kuran. Wasu sun ce babban asibiti mai likitan fiɗa, wani reshe ma ya ce a kafa mana gidan matsar man gujiya. Duk abin da aka faɗa muna bukatarsa, babu na yarwa. Amma mun zauna mun yi tunani. Takarda mai roƙo arba'in, wanda aka kai wa zai karɓa da hannu biyu, ya ce an gode, ya sa ta cikin aljihun tebur. Shi kansa ba shi da kuɗin gudron. Baɗi in mun koma, zai ce abin ya fi ƙarfinsa, an aika Yamai, kuma gaskiya ya faɗa. Mu dawo ke nan hannu rabbana.

Shi ya sa muke kawo shawara a rage takardar ta koma roƙo bakwai. Bakwai ɗin nan babu wanda ba a taɓa yi ba a ƙasar nan, yawancinsu ma an riga an rubuta su cikin doka. Abin da ya rage shi ne a yi su a kan lokaci, kuma su iso ƙauye.

Dattawan da ke zaune nan sun fi mu sanin gwamnati. Daga Diori Hamani a 1960 zuwa Janar Abdurahaman Tiani da ya karɓi mulki a watan Yuli na 2023, shugabanni goma sha ɗaya ke nan suka gani. Kowane ya zo da jawabinsa. Amma in ka zauna da tsoho a bakin masallaci ka ce ya ba ka labarin wani zamani, ba ya kawo maka jawabi. Zai ce zamanin Seyni Kunce ne motocin hatsi suka shigo garuruwa bayan farin 1973 da 1974, kuma a 1984, shekarar da ake kira El Buhari, aka ce kowa ya kama noman rani. Zai ce zamanin Tanja ne aka gina azuzuwa da ƙananan ɗakunan likita a ƙauyuka. Abin da ya taɓa tukunyarsa shi yake tunawa. Wannan gwamnati ma ta yi irin nasu: a watan Yuli na 2024 ta sauke litar esansi zuwa tamma 499, a watan Satumba na 2024 kuma ta rage kuɗin gani a likitocin gwamnati da rabi. Mun gani, mun gode. Irin wannan hanya muke roƙo a ci gaba da bi.

NA ƊAYA: HATSI MAI RAHUSA

Kowa a nan ya san yadda shekarar manomi ke juyawa. Da kaka hatsi ya yi araha, shi kuwa ga bashi, ga lanho, ga biki, ga tufafin yara, dole ya kai kasuwa. Ɗan kasuwa ya saye ya ajiye. In watan bakwai ya kama, rumbu ya yi ƙasa, wannan hatsin dai shi zai koma ya saya, wani lokaci ninki biyu. Don maganin haka aka kafa OPVN tun 1970, kuma shekaru da dama gwamnati ta riƙa sayar da buhun kilo 100 a jika 13 lokacin da abinci ya yi wuya. Dabara ce mai kyau. Inda take yoyo wuri biyu ne.

Wuri na farko lokaci. Hatsin rahusa in ya iso bayan an fara cin tumu, ihu ne bayan hari. Magidanci yana bukatarsa lokacin noman farko da maimai. In ba abinci a gida sai ya bar gonarsa ya tafi barema gonar wani don ya samu tiya biyu, ciyawa kuwa ba ta jiran kowa. Ranar da ya komo gonarsa ta shaƙe. Yunwar bana ta haifi ta baɗi ke nan.

Wuri na biyu awo. Buhu ake sayarwa, kuma a babban garin kwamin. Wanda aka yi abin dominsa ba shi da jika 13 a dunƙule, balle kuɗin amalanke. Sai mai hali ya raba wa mutane kuɗi su shiga masa layi, hatsin ya koma shagonsa. Ba labari muke ba ku ba, kun gani da idonku.

Roƙonmu: hatsin ya iso kafin watan bakwai, a faɗi ranar a rediyo, a kawo shi ƙauye, a auna shi da tiya gaban maigari da dattawa, a kira sunayen gidaje da ƙarfi kowa na ji. Da kaka kuma, in gwamnati za ta cika rumbunanta, ta saya kai tsaye hannun ƙungiyoyin manoma. A watan Oktoba na 2024 an hana fitar da hatsi zuwa waje in ba Mali da Burkina ba. Mai saye ya ji sauƙi, kuma ƴan uwanmu na birni suna cikin masu saye. Amma mai sayarwa ma ɗan ƙasa ne. In an rufe masa ƙofa guda, a buɗe masa wata.

Akwai kuma dabarar jinginar hatsi da garuruwa da dama na ƙasar nan suka gwada tun ƙarshen shekarun 1990. Manoma su tara amfaninsu a magaza guda mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya hannun ƙungiya, ɗaya hannun asusun da ya ba da rance. Su karɓi kuɗi su biya bukatun kaka, su yi kiwo ko ƴar sana'a, in farashi ya tashi su biya su kwashi kayansu. Abin da ya hana mu yi, ba mu da magaza mai kyau. A taimake mu da siminti da kwano, yashi da ƙarfi namu ne.

NA BIYU: TAKI DA IRI

A nan ba za mu daɗe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takin zamanin da ya iso lokacin da hatsi ya fara fidda kai, an kawo wa ɗan kasuwa ne. Muna roƙo taki da iri su kasance a kwamin kafin watan biyar ya ƙare. A riƙa ƙulla takin kuma kilo ɗaya, kilo biyu, kilo biyar, domin malaman gona sun nuna mana cewa ɗan abin da yatsa uku suka tsinta, in an sa shi a ramin shuka, yana aiki. Mai ƴan daloli ma sai ya samu rabonsa. Iri mai saurin nuna kuwa, a Tarna kusa da Maraɗi ma'aikatan INRAN suke aikinsa shekara da shekaru. Daga Tarna zuwa gonakinmu ba tafiyar kwana ba ce.

NA UKU: TAKARDAR HAIHUWA

Wannan a cikin aji muke ganinsa kowace shekara. Yaro ya yi shekara shida yana zuwa lakwal, ya iya karatu, ya iya lissafi, lokacin jarrabawa ya zo a ce ina takardar haihuwa, babu. Uban yana Legas ko Sabha. Uwar ba ta san ƙofar da za ta buga ba. Mun taɓa ganin yarinyar da ta fi kowa a ajinta ta zauna gida ranar jarrabawa saboda wannan, shekara ta zagayo aka yi mata aure.

Dokar 2019 ta ce a shaida haihuwa cikin kwana 60, kuma shaidawar kyauta ce. In an wuce wa'adin sai an bi ta hannun alƙali, da shaidu, da kuɗin mota, da kwana a gidan mutane. Muna roƙon abu uku. Littafin rubuta haihuwa ya kasance kullum a gari, kada a ce takardunsa sun ƙare. Mai rubutawa a riƙa ba shi ɗan hasafinsa a kan kari, don kada ya gaji ya bari. Sannan sau ɗaya a shekara, da rani, lokacin da ƴan bida suke gida, alƙali da magatakardansa su zo su zauna ƙarƙashin itace su yi wa waɗanda suka makara, kamar yadda aka sha yi a wasu garuruwa.

Ku da ke bin hanya kun fi mu sanin darajar takarda. Ba takardar haihuwa, ba katin ɗan ƙasa. Ba kati kuwa, kowane shinge sai an sauke ka daga mota. Tun da ƙasarmu ta fita daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, wanda ke zaune Najeriya ko Kodebuwa ya fi kowa bukatar takardunsa su cika. A riƙa turo masu yin katin zuwa kwamin ranar kasuwa, ko da sau ɗaya a wata.

NA HUƊU: LAKWAL

A nan sai kun yi haƙuri da mu, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Mu fara da rumfunan kara. A watan Afrilu na 2021 wuta ta kama irin waɗannan azuzuwa a Yamai, yara wajen ashirin suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar ta sake kamawa a Maraɗi, fiye da ashirin suka rasu. Allah ya sa masu ceton iyayensu ne. A lokacin hukuma da kanta ta ce akwai irin azuzuwan nan wajen 36,000 a ƙasa. Ban da haɗarin wuta akwai wata ɓarna da ba a cika lissafawa ba. Rumfar kara ba ta tsayuwa sai an girbe hatsi an samu kara. A takarda lakwal na buɗewa farkon watan goma, amma ajin rumfa sai watan goma sha ɗaya, wani lokaci sha biyu. Ruwan farko kuma in ya zo da iska ya kwashe ta, shekara ta ƙare. Yaron rumfa da yaron ajin siminti jarrabawa guda za su yi, alhali an ci wa ɗaya wata biyu ko uku kowace shekara. Ba mu ce a gina duka bana ba. Aji ɗaya a shekara, a fara da na ƙanana. Mu ɗebo yashi da ruwa, gwamnati ta kawo siminti da kwano da magini.

Sai malamai. Da yawa cikin masu koyarwa a ƙauyuka ƴan kwantiragi ne. In kuɗin wata ya makara, malam ya ci bashi wurin mai tebur har kunya ta hana shi bi ta gabansa. In kuɗin ya fito kuma sai ya rufe aji ya tafi birni karɓa, kwana biyu, kwana uku. Ku iyaye kuna ganin aji a rufe kuna cewa mushe ba ya son aiki. Akwai marasa son aiki, ba mu musanta ba, kuma a hukunta su. Amma a tsaida rana guda da aka sani a wata, a kawo biyan kusa, sannan a ga wanda zai sake rufe aji.

Sai harshe. Dokar sabon tsarin ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ba yau aka fara tunanin ba, tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram inda yara ke fara karatu da Hausa. Mu da Faransanci aka horar da mu, kuma muna tuna yadda ake rataya wa yaro sambol a wuya in ya yi Hausa a filin lakwal. Yau mu ne gaban allo, muna ganin yaro ɗan shekara bakwai yana maimaita abin da bai gane ba har ya haddace shi, in ka juya tambayar ya yi shiru. Ka faɗa masa da Hausa, nan take ido ya buɗe. Amma doka ba ta koyar da yaro. Muna bukatar littattafan ajin farko da na biyu cikin Hausa, ɗaya ga kowane yaro ko ga yara biyu. Mu kanmu a tara mu lokacin hutu a koya mana, domin akwai malamai da yawa da ba su taɓa rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba. Kada kuma a manta cikin ajinmu akwai ƴaƴan Fulani da na Buzaye. Abin da muka ji zafinsa kada mu yi wa wani. Faransanci ma ba mu ce a yar ba, yaron da ya fara karatu da harshen uwarsa ya fi saurin kama na biyu.

Ƴan mata kuwa, tun 2017 akwai doka da ke cewa a riƙe su a lakwal har shekara 16. Abin da ke fidda su sau da yawa nisan koleji ne da rashin amintaccen masauki. Uba ba ya sakin ɗiyarsa gidan da bai sani ba, kuma ba mu ga laifinsa ba. Ɗaki guda, da dattijuwa mai kula, da abincin rana, zai riƙe yara da yawa.

NA BIYAR: LIKITA

Tun 2006 aka ce yaro ƙasa da shekara biyar ba ya biyan kuɗin magani, fiɗar haihuwa ma kyauta ce. Ga yadda abin ke tafiya: likita ta yi aikin, ta rubuta lissafi ta aika, gwamnati ta maido mata kuɗin, da shi za ta sake sayen magani. In maidowar ta makara sai kanta ta bushe. Majo ya duba yaro kyauta, ya rubuta takarda ya ce a je a saya. Uwa ta fito tana cewa ƙarya ake yi mana, ta wuce wurin mai tallar ƙwayoyi a kasuwa. Muna roƙo a riƙa biyan likitoci bashinsu a kan kari, kuma maganin zazzaɓin sauro ya cika kanta tun kafin watan takwas, lokacin da kowace tabarma a gida take da mai kwanciya.

Ragin da aka yi a 2024 kuma, a rubuta shi da manyan baƙaƙe a manna a ƙofar kowace likita, da Hausa, boko da ajami: wannan kaza ne, wannan kyauta ne. Mara lafiya ya san abin da zai biya, ma'aikaci mai gaskiya ya huta da zargi.

Cikin wannan babi muke sa maganar korama. Gudron mun ce a jinkirta shi, amma wurin nan guda da ruwa ke yanke hanya kowace damina ba ya jinkirtuwa. Kun tuna ruwan 2024, wanda ya kada tsohon masallacin Damagaram, har aka ɗaga buɗe lakwal zuwa ƙarshen watan goma. A irin wannan damina mace mai naƙuda a kan amalanke takan kwana bakin korama tana jiran ruwa ya janye. Muna roƙon a zuba siminti da duwatsu a wannan mashigi kaɗai, yadda motar likita za ta iya ƙetarewa.

NA SHIDA: GONA DA BURTALI

Dattawa ba su manta da Toda ba, a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari a nan jihar Maraɗi. Allah kada ya maimaita mana. Bayan haka, a 1993, aka yi dokar karkara, aka tsara kwamitocin ƙasa tun daga ƙauye har sama, masu shata burtali da mashaya da makiyaya, masu rubuta takardar saye da aro da jingina. Kowace shekara kuma hukuma na tsaida ranar sakin gonaki. Roƙonmu, a tsaida ranar bayan an tambayi manoma da makiyaya duka biyu, a faɗe ta da wuri a rediyo da Hausa da Fulatanci da Buzanci, a kafa alamun siminti a bakin burtali inda suka faɗi, a ba kwamitin ƙasa na gari littafi da hatimi.

Ƴan bida, wannan taku ce. Mutum ya ba da aron gona ko ya jinginar da ita da baki, ya tafi shekara goma. Shaidu su mutu. Ya komo, ko ɗansa ya komo, a ce saye aka yi. Zumunci nawa ya tsinke a garin nan ta wannan hanya? Takarda ɗaya mai sa hannun maigari da ta kashe maganar tun ranar farko.

Haka nan itatuwan gona. Gawo da sauran itatuwan da iyayenmu suka riƙa bari suna tohuwa tun shekarun 1980, har ƙasar Maraɗi da Damagaram ta yi suna a duniya saboda su, a 2020 an yi doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena. A karanta ta da Hausa a rediyo, manomi ya ji, ma'aikacin gandun daji ma ya ji.

NA BAKWAI: KITANSI DA LISSAFI

Wannan shi ne mafi araha, takarda da ƙusa kawai yake ci. Duk inda aka karɓi kuɗi da sunan hukuma, a kasuwa ne, a tasha ne, a shinge ne, a ba da kitansi. In ba kitansi, kada a karɓa. A rubuta a allo bakin kowane shinge abin da doka ta ce a nuna da abin da ta ce a biya.

Sannan sau biyu a shekara a manna lissafin kwamin a bango, a kuma karanta shi ranar kasuwa: lanho ya kawo kaza, kasuwa ta kawo kaza, an kashe kaza wurin kaza. Tun zaɓen 2004 muna da ƴan majalisar kwamin da muke iya tarewa a hanya mu tambaya. A watan Afrilu na 2024 an rushe majalisun aka naɗa kantomomi. Kantoma ba mu muka zaɓe shi ba, saboda haka shi ya fi kowa bukatar jama'a su ga hannunsa a buɗe. Tun 2023 da aka kafa asusun ceton ƙasa, har dala biyu-biyu aka riƙa cira a kiran salula, mutane suka bayar ba gardama, ana kuma faɗin abin da aka tara. To, yadda ake faɗin na sama a faɗi na ƙasa. Mutumin da ya ga inda lanhonsa ya shiga ba ya ɓuya in maigari ya aiko.

Wani zai ce, ina maganar tsaro? Ba mu manta ba. Mun san abin da ƴan uwanmu na Madarunfa da Gidan Runji suka sha hannun ɓarayin shanu da masu satar mutane, mun san sojojinmu na ba da rayukansu a Tilaberi da Difa da arewacin Tawa. Wannan nauyi ne babba, kuma gwamnati ba ta jiran takardarmu kafin ta san da shi. Saboda mun san kuɗi da yawa can suke tafiya, shi ya sa muka auna bakinmu.

NAMU KASON

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ke shiga layi da kuɗin ɗan kasuwa? Mu ne. Wa ke ture alamar burtali ya ƙara kunya biyu? Mu ne. Wa ke yanka rago ranar suna, a ci a sha, a watse ba wanda ya je ya rubuta jaririn? Wa ke fidda yaro daga aji ranar kasuwa? Ba za mu iya zuwa gaban perefe da takarda mai tsabta ba in hannunmu da dauɗa.

Saboda haka muna kawo wa taro shawara huɗu. Liman da wanzami, Allah ya gafarta malam, ranar suna a riƙa tambaya ko an rubuta yaro kafin a shafa fatiha. Kowane reshe ya ɗauki nauyin wani abu da za a gani, ko buhunan siminti na aji, ko ƙofa da kwaɗon magaza. Ma'ajin ƙungiya ya buga lissafinmu cikin wannan takarda kowace fitowa, tun da ba ma roƙon kantoma abin da mu ba mu yi. Na ƙarshe, kowane roƙo cikin bakwai ɗin nan a ɗora shi a wuyan mutum guda da zai riƙa bibiya, cikinsu a sa mata aƙalla biyu, don maganar likita da ta takardar haihuwa sun fi mu saninta. Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, kowa ya tashi nan ya ce an yi, ko ba a yi ba, ko ga inda aka tsaya.

Waɗanda za a aika kuma su tafi da ladabi. Ba faɗa za su je yi ba, ba kuma bara ba. Su gaida hukuma, su miƙa takarda, su nemi a buga musu hatimi a kan kwafinmu, su tambayi ranar da za su komo jin amsa.

Iyayenmu, abin da muka tattaro ke nan. In kun ga a ƙara ko a rage, wuƙa da nama suna hannunku. Masu gudron da masu kuran, ba mu yar da maganarku ba, tana nan cikin kaye, sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya ba su mashawarta na gari. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya tsare matafiyanmu, ya jiƙan magabatanmu. Wanda muka ɓata wa cikin magana ya yafe mana.